Rasuwar Kan Jan Zakara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama gane abin da ya same ta ba, iyalin mai shi suna sanar da magoya bayan ƙungiyarmu rasuwar Kan Jan Zakara. Shi ne ƙaton kan nan da kuka saba gani yana rawa a bayan raga, ko an ci mu ko mun ci. Ya cika a filin wasa, a gaban dubban masoyansa, ranar da muka doke abokan hamayyarmu.

An haifi marigayin shekara ashirin da wani abu da suka wuce, a rumfar wani mai facin taya. Da kwali da tsofaffin jaridu da gam aka yi shi. Zankonsa jan tiyub ne, bakinsa yankin jarka ne ruwan ɗorawa, idanunsa kuma murafen kwalba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Wata Asabar kawai mai facin ya kifa shi a kansa ya nufi fili, mai gadin ƙofa ya yi dariya ya buɗe masa, kuma tun daga ranar ba a sake rufe masa ƙofa ba.

Marigayin mai haƙuri ne. An jefe shi da ɓawon lemo, an tsinke masa zanko a garin wasu, bai taɓa ramawa ba. Ƙwallo ta taɓa lotsa masa kunci, ya ƙarasa wasan a haka. Magana ɗaya ya iya, ita ce "ƙiƙiriƙi!", kuma ya fi ɗaga ta idan ana cin mu, lokacin da kowa ya yi tsit. Yana da ƙa'ida guda: ba a cire shi a gaban mutane. A bayan rumfa ake sa shi, a can ake tuɓe shi. Har kocin ƙungiya ya sha kawo tayarsa faci, bai san wa ke duƙe a gabansa ba.

Abu ɗaya marigayin ke tsoro, shi ne ruwa. Da an ga hadari ake sa masa leda. Amma ranar ajalinsa ko gajimare babu. Da aka busa tashi, 'yan wasa suka rugo bayan raga da murna, suka ɗaga Zakara sama, suka juye masa randar ruwan ƙanƙararsu, kamar yadda suke yi wa wanda suka fi so. Mai shi ya ji kwalin yana laushi a kan kunnuwansa. Bai yi ihu ba. Ya tallafe abin da ya rage a fuskarsa da hannu biyu, ya fita a hankali ana ta tafa masa.

An yi jinya iyakar iyawa. An shanya shi a rana, 'yar mai shi ta cusa masa tsumma don ya miƙe, amma fuskar ta riga ta zube. Matar mai shi ta ce, "Malam, ka yi wani mana. Kwali ya ƙare a duniya ne?" Ya ce to. Ya samo kwali, kwalin yana nan jingine da bango, bai taɓa shi ba.

Da wasan gida ya zagayo, ya tafi da kansa na haihuwa. Mai gadin ya tare shi da hannu.

"Baba, tikiti."

Ya koma layi ya saya. Da yake bai san wurin zaman 'yan kallo ba, sai ya zauna inda ya samu. Wani mai ƙaton tumbi a gefensa ya leƙa bayan raga ya ja tsaki.

"Ka ga ɗan banzan Zakaran nan? Daga cin wasa ɗaya ya zama babban mutum. Ko an yi miyarsa ne?"

Aka kwashe da dariya. Mai shi ya gyaɗa kai. Bai ji haushi ba, bai ma ji komai ba. An ci mu a ranar, kuma ba wanda ya yi cara. Tun daga nan yake buɗe rumfa a kan lokaci, yana aikinsa, yana cin abinci idan an ajiye masa. Ba ya tambayar sakamakon wasa.

Marigayin ya bar rigar buhu mai fukafukai, da doguwar safa guda biyu, da ƙusar da ake rataye shi, da kuma mutumin da ke cikinsa.

Za a binne shi ranar Asabar mai zuwa kafin a take wasa, a gindin katangar da ke bayan raga ta waje, inda ba a bukatar tikiti. Ba a neman gudummawa. Roƙon iyali ɗaya ne. Za ku tarar da wani siririn dattijo mai sanƙo, da tabon ƙuna a hannun dama, yana riƙe da shebur. Kada ku tambaye shi ina mai Zakaran yake. Ku miƙa masa hannu, ku dubi fuskarsa da kyau.