Bangon Kalanda da Bintar Danja

Ba zan taɓa mantawa da taron manoman Maska ba, wanda aka yi gab da faɗuwar damina, a shekarata ta farko ta aikin malamin gona.

Lokacin ina ji da kaina. Na fito makaranta da kwali, na ɗauka malamin gona ba ya cika sai da Turanci. Taki in faɗe shi da Turanci, feshi ma haka. Manoma suka raɗa mini Malam Turanci (ni kuwa har daɗi na ji, na zaci yabo ne), sannan suka daina zuwa taro. Ogana na ofishin Funtua, Malam Isiyaku, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa zai zo wannan taron da kansa, in ya tarar da benci wayam zai mayar da ni ofis in yi ta gadin fayil. Ni kuwa wallahi gona nake so.

To ina da wani sirri. Ni mayen littattafan Hausa ne, har da na soyayya waɗanda abokaina ke cewa na mata ne. Don kada a gane, sai in yi musu bango da tsohuwar kalanda. Abin da ya kashe ni, da kalandar nan guda na yi wa littafin noman masara na ofis bango.

Ran taro na ɗaure buhun iri a babur, na suri littafi, sai Maska. 'Yan tsirarun mutane ne a gindin mangwaro, sauran suna can rumfar mai shayi suna hangenmu. Oga ya zauna yana bin bencin da kallo. Don in nuna ina tafiya da jama'a, na miƙa wa shugaban manoma, Alhaji Garba, littafin da lasifika. Na ce, "Alhaji, buɗe inda na naɗe, ka karanta mana yadda ake yin kunya da tazarar shuka." Na juya ina kwance bakin buhu.

Alhaji ya gyara tabarau, ya fara a tsanake kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Da ruwan farko ya sauka, Lawal ya saɓa hauyar mahaifinsa ya nufi gona."

Na ce a raina, ikon Allah, yaushe ofis ya iya rubutu haka? Sai na gane ba littafin noman na suro ba.

"A bakin gona ya tuna Binta. Ya ce, tun da kika tafi Danja zuciyata ta zama faƙo, ko ciyawa ba ta tsirowa."

Alhaji ya ɗago, ya dube ni ta saman tabarau, bakinsa na kan lasifika. "Malam, ita wannan Bintar sabon irin masara ce?"

Wayyo! Wurin ya ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki. 'Yan rumfar shayi suka taso da kofunansu a hannu. Ni da na zo koya wa mutane yin kunya, ranar ni aka koya wa jin ta. Na kai hannu zan ƙwace littafin, sai wani dattijo ya daka mini tsawa: "Kai, dakata! Ta dawo daga Danjar ko ba ta dawo ba?"

Alhaji ya ce idonsa ya gaji, mai littafi ya ƙarasa. Na karɓa. Da ma babin nan nake maimaitawa kullum, don yana tuna mini babana da gonarmu ta Mahuta. Ina shiga karatun sai na ji muryata ta dawo, wadda nake hira da ita a gida, ba ta aro ba. Na yi ta yi, na ma manta da oga.

Da aka zo inda Lawal ke shuka, dattijon nan ya ce, "Yaron nan ya cika iri a rami, shi ya sa ta gudu." Gardama ta kaure kan ƙwaya nawa ya kamata a zuba. Nan na samu ƙofa, na yi bayanin tazara da taki da Hausa tsantsa, ana tambaya ina amsawa har aka kira azahar.

Da aka tashi, na raka oga bakin mota. Ya ce, "Ka ci gaba da zama a Maska." Ya buɗe ƙofa, ya sake juyowa, ya rage murya. "Kawo littafin nan in duba, saboda aiki." Har yau yana dubawa.

Yanzu ba a fara taro sai na karanta babi guda, kuma benci ba ya isa. Sunan Malam Turanci ya bi ruwa, sai dai wanda ya maye gurbinsa shi ne Angon Binta, har matata ta ji a gidan biki ta dawo tana neman bayani. Na daina yi wa littafi bango. In kuwa kai ka nace sai ka ɓoye abin da kake so, to don Allah nemi kalanda biyu.