Ranar Da Na Kusa Kashe Baƙuwarmu Da Tuwo

Ƙamshin daddawa cikin miyar kuka mai tafasa, wannan kam ba zan taɓa mantawa da shi ba. Duk ran da ya bugi hancina sai na tuna Yuki, sai kunya ta rufe ni ko da ni kaɗai ce a kicin.

Lokacin ina karatu a ƙasar waje, a wata kwaleji a unguwar Setapak, ina cikin zumuntar ɗalibai Kirista. Shugabanmu, Yaya Iliya, ya ce Ubangiji ya ɗora masa nauyin ɗaliban Japan da ke zuwa su yi zango ɗaya su koma. Muka yi ta gayyata. Su kuwa ga ladabi: su yi murmushi, su sunkuya, su ce za su duba, shi ke nan. Kujerun da muke jera musu ko ƙuda bai zauna ba. Daga ƙarshe Yaya Iliya ya ce in watan ya ƙare a haka, za mu ajiye aikin.

Sai ga Yuki, wadda muke zama kusa da juna a aji, ta yarda za ta zo gidanmu cin abinci ranar Asabar. Siririya ce, in ta yi magana sai ka kasa kunne. Na kwana ina ganin kaina a gaban ikilisiyarmu ta gida, ina ba da shaida, tsofaffin mata suna share hawaye da bakin mayafi. (Har waƙa na rubuta. Akwai furanni a ciki, da tsuntsun da ya ƙetare teku. Kada ku tambaye ni.)

Saratu, abokiyar zamana, ta gan ni da muciya ta ce, “Ke, wa ya aike ki? Ki yi mata tapau, ki sayo na leda a gidan abincin mamak lah, ki huta.”

Na ce, “Baƙuwa ta zo gidana in ba ta abincin leda? Mama ta ji ai sai ta sallama ni.”

Na tuƙa tuwon shinkafa tukunya guda, na fito da daddawar da nake ɓoyo tun zuwana, na zuba yaji ba tausayi.

Yuki ta zo, ta cire takalmi ta jera su kamar za a ɗauki hotonsu. Muka zauna a ƙasa, ni da ita da Saratu da Yaya Iliya. Na zuba mata malmala, na koya mata yadda ake yanka loma. Ta cinye tas, har ta bi kwanon da yatsa.

To mu a gidanmu, kwanon baƙo ya zama fanko a gabanki, abin kunya ne. Bai ƙoshi ba ke nan. Na ƙara mata. Ta sunkuya, ta gode, ta cinye. Na ce a raina, kai, yarinyar nan yunwa ake barin ta da ita a garin nan. Na sake ƙarawa.

Abin da ban sani ba, su a wajensu barin ko ƙwayar shinkafa a kwano raini ne ga wanda ya dafa, cewa a'a ƙiri-ƙiri kuma ya fi ƙarfin bakinta. Ni ba zan bar kwano fanko ba, ita ba za ta bar shi da abinci ba. Tarbiyyar uwata da ta uwarta suka kama kokawa a cikin cikin baiwar Allah.

Ana haka na fara ba ta labarin yadda Yesu ya ciyar da babban taro har abinci ya ragu. Na sassauta murya, na sa duk kalmomin da na kwana ina gogewa. Da na ɗaga kai sai na ga idanunta sun cika da ƙwalla, goshinta na zufa, tana numfashi sama-sama.

Na taɓa Yaya Iliya na raɗa masa, “Yaya, duba. Maganar ta shige ta.”

Ya lumshe ido ya fara waƙa ƙasa-ƙasa. Saratu ta ce, “Anya ba yajin ba ne?” Na harare ta. Mai ƙaramar bangaskiya.

Na ɗauko malmala ta ƙarshe, wadda ta fi duka girma, na nufi kwanonta. Sai Yuki ta gyara zama, ta durƙusa, ta dafa hannuwa biyu a ƙasa, ta kai goshinta har tabarma.

Jama'a, me za ku ɗauka? Na ajiye kwano na ɗaga hannu sama na ce, “Halleluya! Ta tuba!” Yaya Iliya ya ƙara murya. Na ɗora hannu a kanta na fara addu'a, rabi Turanci rabi Hausa, ina hawaye. Can na ji tana wata magana daga ƙasa. Na sunkuya na ce, “Faɗi, 'yar'uwa, kada ki ji tsoro, faɗi abin da ke zuciyarki.”

Ta ce da ƙyar, “Don Allah ki yi haƙuri. Abincin ya yi daɗi ƙwarai. Amma in na ƙara loma ɗaya zan mutu.”

Waƙar Yaya Iliya ta tsaya a tsakiyar kalma. Saratu ta faɗi gefe tana dukan ƙasa, tana cewa, “Ta tuba! Daga tuwo ta tuba!” Ni kuwa hannuna na kan yarinyar mutane, na rasa yadda zan ɗauke shi. Haka muka kwantar da ita ƙarƙashin fanka, daga baya muka kira mata mota, ta shiga a karkace tana ta ba mu haƙuri. Ita ce ma ke ba da haƙuri!

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na kashe aikin zumunta da muciya.

Ranar Juma'a na zo taro ina sanɗa, sai ga Yuki a kujerar gaba, da wasu 'yan Japan biyu, samari majiya ƙarfi. Yaya Iliya ya kusa yin rawa. Ba a ajiye aikin ba, kuma duk Asabar su ukun suna gidanmu. Tun daga ranar na koyi tambayar baƙo ko ya ƙoshi, in kuma na ga hawaye a idon mutum in fara duba kwanonsa kafin in yi Halleluya.

Sai bayan ta koma ƙasarsu da daɗewa, muna hira a waya, na tuna mata yadda Allah ya yi amfani da ita ta jawo mana mutum biyu. Sai ta ce ai ba don wa'azi ta kawo su ba. Ta zagaya masaukinsu ne tana neman waɗanda suka fi kowa ci, su zo su taya ta.