Ranar da Surukina Ya Zo Allura

Ko da zan manta da abin da aka dafa ranar bikina, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a ɗakin allura na wani asibiti da ke ƙasar Kazaure ba. Shekaru sun ja, na yi ritaya, jikoki sun cika mini gida, amma wallahi har yau in na tuno sai in ji kamar in ja zane in rufe fuska.

Lokacin muna cikin Jihar Kano, kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati sai gine-ginen asibitoci take yi, ma'aikatan jinya kuwa sun yi ƙaranci. Ina cikin 'yan matan da aka tura ƙaro karatu, muka dawo a matsayin malamai masu koyar da aikin jinya. Aikina iri biyu ne. Wani lokaci ina aji da alli a hannu, ina zana ƙashi da jijiya a allo. Wani lokaci kuma in kwaso ɗalibai in kawo su asibiti su taɓa marar lafiya na gaske, ni kuma ina tsaye a kansu. Wadda na ce ta iya, ta iya. Wadda na ce ba ta iya ba, sai ta naɗe tabarmarta ta koma gida.

To, kun san yarinta da farar riga. Ga hula an kafa ta da sitaci, ga agogo a maƙale a ƙirji, ga takalmi mai ƙwas-ƙwas. Idan na doso, ɗalibai sai su watse kamar kaji sun ga shaho (daga baya na ji ashe “Sista Borkono” suke ce mini a ɓoye, kuma ban ce sun yi ƙarya ba). Akwai wata magana da nake yawan buga musu: “Duk wadda ta sa farar riga, ta bar kunyarta a ɗakin uwarta. Nan wurin ceton rai ne.” Ina faɗa ina buga tebur, ina jin kaina daidai da kowa.

Cikin ɗaliban akwai wata Hajjo, Bafulatana daga wata ruga can wajen Gwiwa. Doguwa, siririya, magana sai ka kasa kunne. Hannunta kuwa tubarkalla, in ta ɗaure ciwo sai ka rantse da shi aka haifi mutum. Matsalarta ɗaya ce. Ƙa'idar aikinmu, kafin ka yi wa mutum allura sai ka ɗauki katinsa ka kira cikakken sunansa da ƙarfi ya amsa, don kada a tsira wa wani maganin wani. Sunan mahaifin Hajjo kuwa Buba. Kuma kun san ƙasarmu, Buba da Garba da Habu da Abubakar duk kanwar ja ce, wato kusan rabin mazan da ke kan benci. Hajjo ba ta iya furta ko ɗaya. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Mai sunan Baffa.”

Wata rana ta faɗi haka, dattijai biyu suka miƙe tare, kowa na kwance tazuge. Na yi tsalle na dire. Na wanke ta tas a gaban kowa, na ce mata wannan ƙauyanci ne, kuma zai kashe mutum. Na ce ranar Laraba Babbar Sista za ta zo daga Kano duba aikinmu, in ta ƙara “mai sunan Baffa” a ranar, ni da bakina zan ce ba ta dace da aikin nan ba.

Ta biyo ni bayan an tashi, idonta ya yi ja. Ta ce, “Malama, ki yi mini rai. Ni ce ta fari da aka bari ta wuce firamare a rugarmu. Baffa ya ce in aka koro ni, ƙannena mata ba wadda za ta ƙara taka makaranta.”

Na ce, “To ki buɗe baki mana! Suna ne, ba garwashi ba.”

Allah Sarki. Da na san abin da ke tafe, da na tauna maganar nan kafin in furta ta.

A nan sai na ɗan koma baya. Ban fi shekara da aure ba a lokacin. Mijina mutumin Roni ne, mahaifinsa kuwa babban manomi, dattijon da ko tari ya yi a zaure sai gidan ya yi tsit. Tunda aka kai ni gidan ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. In mun je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, mayafi har haɓa, ina magana da ƙasa. Shi ma bango yake kallo ya amsa. Abin da na sani nasa biyu ne: muryarsa, da wasu jajayen takalman fata masu faci a babban yatsa. Sunansa kuwa, ko a mafarki ban taɓa faɗa ba. Amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗa wannan da halin Hajjo ba. Nawa tarbiyya ne, nata ƙauyanci. Haka laifi yake, tudu ne.

Laraba ta zo. Babbar Sista ta iso da sassafe, wata dattijuwa 'yar Zariya mai tabarau a kan karan hanci, wadda ba ta cika magana ba sai kallo. Ba ɗalibai kaɗai ta zo dubawa ba, har da ni, ta ga yadda nake koyarwa. Tun a bakin ƙofa na tsegunta mata akwai ɗaliba ɗaya da nake ganin ba ta dace ba. Na tashi tsaye na gyara komai. An tafasa sirinji da allurai a kan risho (a lokacin sirinjin gilashi ne, a tafasa a sake amfani da shi, kuma ana lallaɓa shi kamar ƙwai). Benci ya cika maƙil har baranda, don ranar motocin ƙauye sun shigo da yawa. Na jera ɗalibai, Hajjo a gaba.

Maimakon in bar su su fara, sai son a sani ya motsa mini. Na gyara murya na ce, “Kafin kowa ta taɓa allura, ku buɗe ido ku kalle ni. Musamman ke Hajjo. Yau zan nuna miki yadda ake kiran marar lafiya, na ƙarshe ke nan.”

Na ɗauki farantin ƙarfe da sirinji a hannun hagu, na miƙa na dama na zari katin da ke sama ba tare da na duba ba. Na fita bakin ƙofa, na ɗaga kai, na cika ƙirji da iska, sannan na kalli katin.

Jama'a, sunan ne. Da na mahaifinsa, da garin, Roni, ɓaro-ɓaro. (Kada ku jira in rubuta muku shi a nan. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma har yanzu hannuna ba zai iya ba.)

Na ce a raina, kai, masu suna iri ɗaya ai da yawa. Na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Na sake gwadawa, na ce, “Alhaji...” Shekarun nan kuwa jirgi ya sa kowa ya sauke farali, Alhazai huɗu suka ɗago kai suna kallona. Babbar Sista ta leƙo ta saman tabarau ta ce, “Muna jin ki, Sista.”

Sai na ji wata murya 'yar siririya, wadda na daɗe ban gane tawa ce ba, ta ce, “Mai... mai sunan Baba.”

Dariya ta kuɓuce wa wata ɗaliba, ƙyat, ta danne da tari. Kafin in san inda zan sa kaina, sai ga wani tari na gaske daga bayan ginshiƙi, tarin da na sani. Na kalli ƙasa. Jajayen takalma masu faci a babban yatsa suna tahowa wajena a hankali. Ashe ciwon ƙirji ne ya matsa masa, malamin asibitin garinsu ya turo shi, shi kuma ya hana a gaya mana, a zatonsa ni ina can Kano ina fama da alli.

Wallahi ban ba gwiwoyina umarni ba. Da kansu suka kai ƙasa, tim! Farantin ya kuɓuce ya yi ƙara kamar an kifar da kwanukan amarya, sirinjin gwamnati ya tarwatse. Na laluba kafaɗa neman mayafi, babu mayafi, ai farar riga ce. Sai na fizgo hular nan mai sitaci na kare fuska da ita, abin da bai fi tafin hannu ba.

“Baba, ina kwana? An zo lafiya? Ya jiki? Ya mutan gida?”

Shi ma bawan Allah, da ya gane ko wace ce, sai ya yi wuf ya juya ya fuskanci bango, yana amsawa, “Lafiya lau, lafiya lau. Madalla. Allah ya yi albarka.” Ga ni a durƙushe cikin fasassun gilashi ina gaida takalmi, ga shi a tsaye yana amsa wa bango, ga ɗalibai, ga Babbar Sista, ga Alhazai huɗu sun saki baki. Sai a lokacin kuma na tuna inda ake yin allurar nan. Ba a hannu ake yin ta ba.

Ai ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙofar da ta fi kusa na faɗa, na banko ta. Ɗakin wanke fo ne na marasa lafiya. Nan Sista Borkono ta tsaya, tsakanin bokitai, tana roƙon ƙasa ta tsage.

Ƙofar katako ce mai ɓuli, duk abin da ake yi ina ji. Na ji an kawo tsintsiya an share gilashin. Na ji Babbar Sista ta ce, cikin natsuwa kamar ba abin da ya faru, “Ke doguwar, ɗauko wani sirinjin. Marar lafiya na jira.” Hajjo ta karɓi katin, amma ta ƙi kira. Sunan ba na Baffanta ba ne, ba abin da zai hana ta. Can na ji ta ce a hankali, “Ranki ya daɗe, surukin Malama ne, kuma tana ji.”

Nan hawaye ya zubo mini, na rantse. Yarinyar da na tsaya a kan makomarta, ita ce take tsare mini mutunci, a ranar da kiran suna zai iya cetonta.

Babbar Sista ta ce, “Ikon Allah, ke ma? To ai shi bakinsa ba ciwo yake ba. Tambaye shi ya faɗa da kansa, ke kuma ki duba katin.”

Hajjo ta ce, “Baba, don Allah yaya sunanka, da na mahaifinka?” Ya faɗa (na toshe kunne, amma na makara). Ta ja labule. Ban ji ko uhum ba. Da ya fito sai na ji ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, yana fuskantar ƙofar da nake ciki, “Yarinyar nan hannunta da sauƙi. Duk wanda ya koya mata, ya iya koyarwa.” Takalman suka yi gaba.

Hajjo ce ta ƙwanƙwasa mini, ta miƙo mayafinta ta gefen ƙofa ba tare da ta kalle ni ba. Da shi na lulluɓa na fito.

A ofis Babbar Sista ta cire tabarau tana gogewa, kafaɗunta na rawa. Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce, “Ƙa'idar nan taki daidai ce, kada ki sassauta ta. Dole a tabbatar da mai allura. Amma ke malama ce. In ɗaliba ta kasa bi ta ƙofa, nemo mata taga kafin ki ce ta koma gida. Ni ma shekara nawa ina aikin nan, ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba.” Ta mayar da tabarau. “To, yarinyar da kika ce ba ta dace ba, wacce ce a cikinsu? Maganarki za mu bi.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, babu ita. Duk sun dace.”

Hajjo ta gama karatunta, ta koma yankinsu ta yi aiki har ta yi furfura, ƙannenta biyu kuma suka biyo sahunta. Daga ranar duk ɗalibar da ta ratsa ta hannuna, abin da nake koya mata ke nan: a tambayi marar lafiya ya faɗi sunansa da bakinsa. Sai ma muka ga ya fi, don tsoho mai nauyin kunne ko sunan wa ka kira “na'am” zai ce.

Labari kuwa ya riga ni isa Roni. Mijina ya yi wata guda in ya shigo gida sai ya durƙusa ya kare fuska da hularsa ya ce, “Sista, ina kwana?” Shi kuwa Baba, aka ce abin da ya gaya wa mutan gida shi ne, “Boko bai ɓata ta ba. Kayan gwamnati ta fasa saboda ni.” Bayan sati biyu ya aiko mini da zabi da buhun gero.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan wannan, faɗa kuma ban daina ba, kada in yi muku ƙarya. Amma duk ranar da na ji bakina na ƙaiƙayin ce wa ɗaliba “kalle ni ki gani,” sai na fara leƙa benci na duba takalman mutane tukuna.