Ƙasar Bayan Gidana Ta Samu Ganin Likita

Yau da azahar jiniya ta jefa ni cikin kwalbati, ni da kekena, a kan titin Shagari zuwa Bodinga. Motoci ne baƙaƙe suka taso ni a gaba. Ina kwance ƙafa a sama na ɗaga hula, don tarbiyya ba ta barin mutum ko yana cikin rami. Da na leƙa motar tsakiya don in ga babban da ya kusa aika ni lahira, sai na ga wata kula shuɗiya zaune a kujerar mai gida, an ɗaura mata bel, sanyi na busa ta. Na san abin da ke cikinta, a gabana aka zuba shi. Ƙasar bayan gidana ce.

Jama'a, ku taya ni murna. A duk zuriyarmu babu wanda aka taɓa yi wa jiniya sai ita.

Ga yadda ta samu wannan ɗaukaka. Shekarun baya wasu baƙi sun kafa bukka a filin da ke bayan gidajenmu, suna fasa tsofaffin batiran mota suna narka dalmar ciki. Da suka gama suka kwashe komatsansu, suka bar mana baƙar toka, ruwan sama ya yi ta raba ta gida-gida ba son kai. A filin nan yaranmu ke wasa. Autata Ummukulthum, shekararta uku, kamar kowane yaro ce: abin da hannu ya taɓa, baki ne ke tantance shi.

Tun farkon bazara yarinyar ta canza. Cikinta na murɗawa, tuwo ta kau da kai, kuka ba dalili. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakinta. Yarinyar da ke hana mu sauraron rediyo da surutu, yanzu sai ta zuba maka ido kamar baƙo. Ramlatu, malamar asibitin garinmu, ta dube ta ta ce tana zargin gubar dalma, amma sai an auna jini kafin a san maganin da za a ba ta. Na kai ta birni. Aka ce na'urar auna dalma tana nan lafiya lau, sai dai an keɓe ta ga Kwamitin Jin Ƙan Turɓaya, ba ta karɓar kowa sai ta hannunsu. Na tambayi inda zan samu kwamitin, aka ce in koma gida, su ke zuwa.

Kuma wallahi sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Yau da hantsi suka sauka da rumfa da kujeru da mai ɗaukar hoto. Jagoransu wani bawan Allah ne da zan kira Mai Girma Babban Mai Cokali, don da cokalin azurfa ya buɗe aikin. Shi da mutanensa kowa da takunkumi, da safar hannu, da takalmin roba har gwiwa. Mu kuma da yaranmu muna tsaye a kan ƙasar ba takalmi, muna tafi. Mai Girma ya durƙusa da ƙyar, mutum biyu na riƙe da babbar rigarsa, ya ɗebi ƙasa cokali guda, ya tsaya a haka har mai hoto ya ce ya yi. Sannan ya yi jawabi cewa daga yau babu wata turɓaya da za ta sake kwana cikin rashin kulawa.

Maƙwabcina Maniru, mai noman albasa, ya zungure ni. «Malam Yahaya, mi kaka jira? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki ɗiyar ka kai mishi.»

Na saɓa Ummu a kafaɗa na ratsa taron, na zube.

«Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma. Ɗiyata ta. Jininta muka son a auna.»

Mai Girma ya dubi yarinyar da tausayi na gaske, har ya girgiza kai. Ya ce hurumin kwamitinsa ƙasa ce kawai. Mutane suna ƙarƙashin wani kwamiti daban, wanda za a kafa da zarar sakamakon ƙasa ya nuna akwai buƙata. Na ce yaushe sakamakon zai fito? Ya ce bayan damina, in an zauna.

An bar jaki ana dukan taiki kenan. Amma ni ma na ɗan zauna gaban malamai, sai wata dabara ta faɗo mini.

«Ranka shi daɗe, ɗan Adam da mi anka yi shi?»

«Da ƙasa,» in ji shi.

«To ai shi ke nan. Wagga ma ƙasa ta, sai dai tana numfashi. Ku sa ta cikin mota.»

Na ga alamar maganar ta shige shi, don sai da ya janye da mutanensa gindin dalbejiya suka yi ƙus-ƙus. Can ya dawo da hukunci. Ya ce kwamiti ya yaba da zurfin ilimina, kuma ya amince cewa asalin yarinyar ƙasa ne, makomarta ma ƙasa ce. Matsalar ita ce a halin yanzu tana tsakani. Hurumin kwamiti bai shafi wanda ke tsakani ba.

Na ji maganar har cikin ƙashina. Ban san sanda na ƙanƙame yarinyar ba. Ban taɓa jin an gaya wa uba, cikin ladabi haka, ranar da 'yarsa za ta cancanci kulawa ba.

Ina shirin juyawa sai wani mai farar riga a cikinsu ya ƙwala ihu, yana nuna hannun Ummu. Ashe ƙasa ya hango a ƙarƙashin farcenta. Nan take aka kawo kujera. Aka zaunar da ita, aka riƙa mata laima, Mai Girma da kansa ya karɓi tsinken sakace ya bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwaƙulo datti, ana tarawa a leda. Ya ce wannan samfur ne mai daraja, don ya nuna yadda ƙasa ke shan wahala a hannun yara. Aka liƙe ledar, aka sa ta cikin kula, aka yi hoto. Da aka gama sai aka ɗauke laimar, aka ce a sauke yarinyar ana son kujerar.

Daga nan suka wuce cin abinci, ni kuma na hau keke zuwa Bodinga neman maganin ciwon ciki. Sauran labarin kun ji shi, a kwalbati muka rabu.

Da na dawo ina ɗingishi na tarar da Maniru a ƙofar gida yana kwaɓa laka zai yi wa rumbunsa yaɓe. Na ba shi labarin yadda na yi karo da kular a hanya. Ya jingina da fartanya ya yi tunani.

«Kai ka yi kuskure,» ya ce. «Wanka kunka yi mata da sahe ko? Shi na. Da kun yaɓe ta tun daga kai har ƙahwa awa rumbu, ku bar hanci kaɗai, da yanzu tana birni gaban na'ura. Ba su iya ɓamɓare laka a nan, dole su tai da ita duka.»

Na yi dariya har ciwon ƙafata ya motsa. Na shiga gida na maimaita wa matata Atika, ina jiran ita ma ta dara. Tana tsugune tana goge hannun Ummu da sabulu, kamar yadda Ramlatu ta ce a riƙa yi kafin kowane cin abinci. Ba ta ko ɗago ba.

«Malam, ana ga yaƙi kana ga ƙura,» ta ce. «Yau ko Inna ba ta ce ba.»

Tsoro nake ji, jama'a, na faɗa muku gaskiya. Kullum gari ya waye sai wata kalma ta ɓace daga bakin yarinyar nan, kuma babu kwamitin da ke tattara su.

Duk da haka kada a ce ban gode ba. Dattin farcen 'yata yana can birni cikin sanyi, likitoci na kansa, kuma ina da yaƙinin zai samu sauƙi. Na dai roƙi Maniru ya rage mini lakar nan kwano biyu. Direbobin hanyar Shagari, in kun ga wani ɗan tulin ƙasa a bakin titi mai idanu biyu, don Allah ku rage gudu. Samfur ne, mota yake jira.