Yadda Za Ki Zama Barista Tun Kina Aji Ɗaya Ba Tare da Binciken Komai Ba

Ke ɗalibar koyon aikin lauya da kika gama aji ɗaya kika dawo gida hutu, matso kusa. In kika bi matakan nan yadda na jero su, na yi miki alkawari kafin ki koma makaranta har mai gari sai ya kira ki Barista. Ba karatu, ba bincike, ba ciwon kai. Zan riƙa ba ki misali da Naja'atu 'yar Malam Maitama ta Gozaki, don ki ga abin da ke samun wadda ba ta jin shawara.

Mataki na 1: Karɓi sunan, kar ki gyara wa kowa

Duk wanda ya ce miki Barista, ki ɗan gyara gilashi ki amsa. In ba ki da gilashi, ki saya a Funtua kafin ki shiga mota.

Ranar da Naja'atu ta iso, babanta ya tashi daga tabarma yana shela: "Barista ta iso!" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, aji ɗaya fa na gama." Kuskure na farko ke nan. Wa ya tambaye ta?

Mataki na 2: Fara yanke hukunci, hujja ta biyo daga baya

Shari'ar farko ba ta wuce cikin gida. Ta Naja'atu ta same ta ko jaka ba ta kwance ba: shanu sun shiga gonar waken Malam Maitama sun cinye kusurwa guda, shi kuma ya ce na Jibo ne. Jibo maƙwabcinsu ne. Tun ba a haife ta ba yake kwana da shanunsa a gonar Malam duk rani, su ci kara su bar taki, shi ya sa masarar gidan ba ta taɓa ba da kunya ba. Yanzu Malam ya rantse an gama.

"Ranar Juma'a za ki tsaya gaban mai gari ki yi kaca-kaca da Jibo," in ji shi. "Ya san na haifi lauya."

Abin da ya kamata ta ce shi ne "An gama, Baba." Sai ta tuna wani darasi da aka yi musu, ta ce, "Baba, wa ya gan su?"

Tambaya irin wannan ita ke hana mutum ci gaba a rayuwa.

Mataki na 3: "An ce" cikakkiyar hujja ce

In mutum uku suka faɗi magana ɗaya, ta zama doka. Malam yana da shaidu uku: Isah mai shayi, Murtala mai babur, da Mero, uwar Naja'atu. Ki ƙirga su kawai, kar ki yi musu magana.

Naja'atu, wadda ko sallama da ƙarfi ba ta iyawa, ta yafa mayafi ta nufi teburin shayi.

"Kawu Isah, ka ga shanun da idonka?"

"Ni da ke fama da tukunya? Amma magana ce tabbatacciya, Murtala ya faɗa mini."

Murtala yana gefe yana goge babur. Ya ce, "Ni a bakin Inna Mero na ji, ranar da na kai mata niƙa. Ai Inna ba ta ƙarya."

Mataki na 4: Kar ki bi labari har gindinsa

Labari kamar kuɓewa yake a miya, in kika ja ba ki san inda zai tsaya ba. Naja'atu ta ja. Ta sami mahaifiyarta tana tankaɗe.

"Inna, ke wa ya gaya miki?"

"Babanki mana. Ya shigo yana faɗa, ya ce wataƙila na Jibo ne."

"Wataƙila ya ce?"

"Da farko dai. Da ya je shan shayi ya ji kowa na faɗa, sai ya dawo ya ce ta tabbata."

Kin gani ko? Da ta zauna a ɗaki, da tana da shaidu uku. Da ta fita bincike ta dawo da ɗaya, shi ma bai ga komai ba, kuma shi ke biyan kuɗin makarantarta.

Mataki na 5: Kar ki je wurin da abin ya faru

Gona akwai ƙaya, akwai laka, akwai gaskiya. Duk suna ɓata takalmi.

Ta je. Sawun shanu ne, babu shakka, amma na guda biyu kacal, ba garke ba. Kuma bai nufi rugar Jibo ba. Ta bi shi a hankali har ya kai ta bayan gidansu, gindin turken shanun huɗan babanta, inda ta ga igiya da sabon ƙulli a tsakiya.

Mataki na 6: In kin gano abin da ba a so, rufe shi da Latin

Kalma biyu ta Latin da ɗaga yatsa sun isa su sa mai gari ya gyara zama. Jibo ya biya wake, ke ki ci suna.

Naja'atu ta kwana biyu tana juya abin. In ta yi shiru, Jibo zai biya abin da bai ci ba, gona ta rasa taki. In ta faɗa gaban mutane, babanta zai sha kunya. Ranar Alhamis ta kai masa fura, ta durƙusa, tana kallon ƙasa.

"Baba, wa ya ƙulla igiyar nan ta turke?"

"Ni mana. Da safe na tarar sun tsinke ta suna tsaye suna..." Ya tsaya da ludayi a hannu. "Wace safiya ce ma?"

Ya daɗe yana kallon furar.

"Wannan suke koya muku a can?"

"Shi kaɗai muka yi tukuna, Baba."

Ranar Juma'a ba a je gidan mai gari ba. An dai ga Malam Maitama ya nufi ruga da ƙullin goro, yana tafe yana gyara hula. Jibo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kuma aiko wa Naja'atu ƙwaryar nono.

Ga abin da ta samu ke nan: nono. Sunan Barista kuwa ya tafi. Yanzu duk Gozaki "Wa-Ya-Ce" suke kiranta.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko kin bi matakan ko kin saɓa. Musamman ba ta ɗauki alhakin halin da teburin Kawu Isah ya shiga ba, inda hira ta mutu tun da Malam Maitama ya koyi ajiye kofi duk lokacin da aka ce "an ce", ya dubi mutum ya tambaye shi, "Kai ka gani da idonka?"