Saƙon Malam da Na Kai wa Baduku

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin jikata Nafisa ba, ko da Allah zai ƙara mini wasu shekarun a kan waɗanda na kwashe. Akwai kunyar da mutum ke sha ya kwana ya tashi ta wuce. Tawa ba irin wannan ba ce. Ita ke tashina da asuba, kuma da hannuna na ƙulla ta, ba wanda ya taya ni. (Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Nafisar ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, na kuma gargaɗe ta kada ta cire ko kalma ɗaya don rufa mini asiri. Asirin da ya tonu gaban mutanen gari biyu, me ya rage a rufa?)

A ƙauyenmu, can gefen Gangara, in ka ce "Iya mai ajiya" ko akuya ta san gidan da kake nufi. Mata na kawo mini irin wake in ɓoye musu har shuka, suna kawo 'yan kunnen aure, da takardun haihuwar ɗiyansu. Ban taɓa ɓatar da ko allura ba. Na san haka, kuma ina son a san na sani. Ku riƙe wannan, don nan ne ciwon yake.

Nafisa ɗiyar ɗana Sani ce, malamin lakol a Gazawa. Tun tana lise, wato sakandare, kawunta ya kawo mata wata 'yar kyamara daga Maraɗi, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Yarinya ta haukace da ɗaukar hoto. Rumbu hoto, jaki hoto, ni ina tsakiyar daka da ɗankwali a karkace hoto. Duk abin da ta ɗauka yana shiga wani ɗan kati da ke cikin kyamarar, kat memuwar suke ce mishi, faɗinshi kamar farcen babban yatsa.

Shi kuwa mai gidana, Malam, Allah ya jiƙan shi, mutum ne da ba ya magana. Shekara arba'in da wani abu muna tare, abin da na fi ji a bakinshi shi ne "To," da "Madalla," da "Allah shi kyauta." Na yi mita har na gaji. Nakan ce mishi, "Malam, wai bakin naka aro ne, tsoron lalacewa kake yi?" Sai ya yi murmushi ya ce, "To."

Ana nan, ana nan, ciwo ya kama shi a wata damina. Ran nan da hantsi, ya ɗan ji sauƙi, yana zaune gindin iccen bedi, sai ya kira Nafisa.

"Amaryata, abin nan naki yana kama magana, ko fuska kaɗai yake sata?"

"Yana kamawa, Kaka. Har tarinka zai kama."

"To, kafa shi nan. Zan yi miki maganar ranar aurenki, don ban ga alamar zan kai ba. Akwai ta kakarki ma a ciki. Ba mai gani sai ranar."

Nafisa ta kifa turmi, ta ɗora kyamarar a kai, ta latsa. Sai ya kore mu duka, har ita. Muka koma bakin madafa muna hange. Jama'a, na ga bakin mutumin nan yana motsi, yana motsi, har da nuni da hannu, har da dariya. Tukunyar wakena ta tafasa ta kusa ƙonewa bai gama ba. Mutumin da bai taɓa haɗa mini jimla uku a jere ba! Bayan an yanke gero ya rasu.

Da aka yi bakwai, Nafisa ta zo mini da katin a tafin hannunta.

"Kaka, bari in kwafe shi a ordinatar ɗin Baba, kwamfutar nan tashi, in sa wani a wayata. Abu in yana wuri ɗaya, ba shi da tabbas."

Na ce, "Malam ya ce ba mai gani sai ranar."

"Kwafa ba kallo ba ce, Kaka. Ko buɗe shi ba zan yi ba."

"Ke ce za ki gaya mini? A zuba maganar mijina cikin akwatin da ubanki ke kallon ƙwallo da shi, kowane malamin lakol yana taɓawa? Kuma wa ya tabbatar miki in an raba magana gida uku ba ta raguwa?"

Sani ya sa baki. "Inna, ba kamar hatsi ba ne, ba ya raguwa. Ki bari yarinyar ta yi."

Nan na miƙe zaune, na gyara zane, na faɗi maganar da har yau take ƙona mini harshe: "Ni za ku koya wa ajiya?" Na miƙa hannu na karɓe katin. Sau uku Nafisa ta sake roƙona a wannan shekarar, sau uku na kore ta.

Da farko na sa katin cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwana. Sai na tuna gara. Na mayar da shi cikin kwalba, sai na tuna gobara, don a bazarar nan ɗakin maƙwabta ya ci wuta. Na rasa sukuni. Ina cikin tsinkar zogale wata rana sai dabara ta faɗo mini, har na yi wa kaina kirari. Ina mutanenmu ke sa magana mai daraja in ba su son ta ɓata? Ai laya. Tun kakanni haka ake yi: a naɗe, a kai wa baduku, ya rufe da fata, ruwa ba ya shiga, gara ba ta ci, kuma tana jikinka duk inda ka sa ƙafa. (Na yi mamakin yadda masu karatun nan duk ba wanda ya yi wannan tunanin. Har tausayinsu na ji.)

Na naɗe katin da takarda, na ɗaure da zare, ranar kasuwa na hau amalanke zuwa Gazawa, na sami Mamman Baduku a rumfarshi. Kun san al'ada: baduku ba ya tambayar abin da ke cikin laya, mai laya kuma ba ya faɗa. Ya yanko jar fata mai kyau, ya ɗinke gefe huɗu, ya miƙo mini. Na girgiza ta kusa da kunnena, sai na ji abu na ɗan motsi.

Na ce, "Mamman, wannan aikin yara ne. Abin ciki yana yawo."

"Iya, ƙanƙane ne, dole ya yi yawo."

"To ka kama shi. Ka ɗinke ta tsam, ko motsi kada ya yi."

Ya ɗauki basilla, ya dafa layar a kan katako, ya soka a tsakiya. Ta ƙi shiga. Ya ciji leɓe, ya danna da ƙarfin ƙirji, sai muka ji ƙas. Ya sake sokawa gefe, ƙas. Ya zura zare ya ja ya ƙulle. Yana share gumi ya ce, "Kai, Iya, malamin da ya yi miki wannan, takardarshi da tauri take."

Na ce, "Ai ba ƙaramin malami ba ne." Wallahi haka na ce, ina murmushi.

Damina biyu layar nan tana wuyana. Na je rijiya da ita, na je gona da ita, na je ta'aziyya da ita. In ina ni kaɗai nakan dafa ta in ce, "Malam, me ka ce mini a ciki? Ko ka yabi tuwona ne a ƙarshe?" In Nafisa ta bugo waya ta ce, "Kaka, katin yana nan?" sai in ce, "Yana inda ko ɓarawo ba ya kaiwa."

To, rana ta zo. Mijin Nafisa ɗan wani tsohon gida ne na Tibiri, danginshi suka cika mota biyu suka zo Gazawa. Sani ya riga ya shaida wa kowa cewa bayan azahar marigayi zai yi wa amarya magana. Aka kafa rumfa a tsakar gidan Sani, aka aro babbar telebijin, aka haɗa ta da ordinatar, injin wuta yana ta ruri a bayan katanga. Mata suka cika tabarmi. Tsofaffin abokan Malam suka taso tun daga ƙauye, suka zauna bakin zaure da sandunansu. Aka fito da amarya lulluɓe, aka zaunar da ita a gaba.

Sani ya ce, "Inna, kawo katin."

Ban kawo kai tsaye ba. Ina! Sai da na tsaya a tsakiyar jama'a na yi jawabi. Na ce yaran zamani sun so su watsa amanar Malam cikin injuna, ni na hana. Na ce ajiya gado ce, ba a koyon ta a lakol. Sannan na sa hannu a wuya, a hankali, don kowa ya gani, na ciro layar na ɗaga sama.

Sani ya dube ni. "Inna, katin nake nufi."

"Shi ne wannan. Kawo reza."

Na ga fuskarshi ta sauya, amma na ɗauka mamakin hikimata ne. Ya yanke ɗinkin gefe, fata ta buɗe, amma abin ciki ya ƙi fitowa. Ya ja, ya ƙi. Sai da ya tsinke zaren tsakiya. Ya warware takardar, ya ɗaga katin tsakanin yatsu biyu, sai ga rana tana leƙowa ta cikinshi. Huda biyu, da tsagewa daga wannan zuwa waccan.

Gwaggon ango, wata Hajiya Tumba, Bagobira mai baki kamar aska, ta miƙo wuya ta ce, "Yo mi nika gani haka? Mu a Gobir mutum kaɗai muka biznewa. Ku har maganatai kuka yi ma likkafani!"

Wasu suka fashe da dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma sai na ce da ƙarfi, "Ku sa shi dai! Huda biyu ce kawai, ai sauran jikin yana nan. In an rasa gaisuwar farko, a ji ta ƙarshe." Na karɓe katin, na hura mishi iska, na goge da bakin mayafina, har da bisimilla.

Sani ya sa. Telebijin ta yi shuɗi, wani ɗan rubutun nasara ya fito. Ya cire ya mayar. Ya sa a kyamarar Nafisa. Ya sa a ordinatar wani baƙo. Ba abin da ake ji sai rurin inji.

"Me rubutun ya ce?" na tambaya.

Bai dube ni ba. "Ya ce babu kome a ciki, Inna."

Tsofaffin bakin zaure suka fara laluben takalmansu. Ɗaya daga cikinsu, wanda suka yi yarinta da Malam, ya ce "Allah shi kyauta," daidai yadda Malam ke faɗa, ya juya. Nafisa ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta ɗaga mayafi kaɗan, ta dube ni, ta ce, "Kaka, sau nawa na roƙe ki?" Shi ke nan abin da ta ce. Da ta zage ni, da na fi samun inda zan sa kaina.

An kai katin wurin masu gyaran waya a Maraɗi, an tsallaka da shi har Katsina. Duk wanda ya ga hudar sai ya tambaya ko harbin shi aka yi. A ƙauye kuwa, mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da fara'arta: "Iya, 'yar takardar nan tawa, dubawa kawai zan yi." Ba wadda ta dawo da tata. Ban ga laifinsu ba.

Wata biyar Nafisa ba ta kira ni ba. Sai ran nan ga ta a kan babur, da kyamara a jaka. Ta gaishe ni sama-sama, ta kifa turmin nan dai, ta ɗora kyamarar, ta ce, "Zauna ki yi magana. Duk abin da kika tuna na Kaka, ki faɗa." Na yi ta faɗa har la'asar. Da ta gama, ina kallo ta zuba shi a wayarta, ta ce za ta sa a ordinatar ɗin ubanta, ta aika wa kawunta na Maraɗi. Ta ce, "Wuri uku, Kaka. Ya ragu?"

Na ce, "Ƙara na huɗu."

Abin da na koya ke nan, ga duk mai kyamara ko waya da ke da wani abu da ba zai sake samu ba: ku kwafe shi wuri-wuri tun yau, ku bai wa na nesa ma ya riƙe. In kuma wata tsohuwa ta ce muku ita ba a koya mata ajiya, ku gaishe ta da ladabi, ku kwafe a ɓoye.

Katin dai na karɓo abina. Ranar kasuwa na koma wurin Mamman Baduku na ce ya mayar mini da shi cikin fata. Labari ya riga ni isa. Ya ajiye basillar can nesa, ya yi abin da ubanshi da kakanshi ba su taɓa yi ba, ya ce, "Iya, don Allah, wannan karon mene ne a ciki?"

Na ce, "Maganar mijina ce. Shekara arba'in ina roƙon shi ya buɗe baki. Ranar da ya buɗe, na kawo maka ka ɗinke. Soka duk inda ka ga dama, Mamman, yanzu ba abin da zai ji."