Ranar da Na Tura Alhaji Baya

Shekara goma ina Paris ban jagoranci ko mutum biyu ba, ni da na taɓa shugabantar ɗalibai a Damagaram. Da ƙungiyarmu ta 'yan Nijar ta kira zaɓe a Lyon, na tsaya takara. Na ce shugaba sai da tsare gida.

Ina cikin jawabi wani dattijo ya shigo. Na ɗaure fuska na ce, "Baba, wanda ya makara baya yake zama."

Sakatare ya raɗa mini, "Alhaji ne fa, shi ya kafa ƙungiyar. Abincinmu ya tsaya ɗaukowa."

Ƙuri'a ɗaya na samu, tawa. Har yau in na makara sallar Juma'a sai in ji ana cewa, "Shugaba, ka san wurinka."